Yadda za ka ci gaba da motsa jiki da taimakon wayarka bayan ka gama horon farfaɗo da zuciya

Wanda aka yi wa aikin zuciya, ko aka buɗe masa jijiyar da ta toshe, ba ya ba da wahala a makonnin da yake zuwa wajen fisiyo, wato masu horar da jikin majinyata a asibiti. Akwai mai tsaye a kansa, ana auna shi kafin ya hau keken motsa jiki, a sake auna shi bayan ya sauko, ga shi kuma tsoro bai sake shi ba. Sai ranar da aka ce ya gama, ya je gida ya ci gaba da kansa. Mako na farko lafiya lau. A na uku a yi biki a dangi, ko ruwan Agusta ya tsare shi kwana biyu, ko mura ta kama shi. Kafin wata uku takalmin ya koma ƙarƙashin gado. Ƙarfin da zuciya ta tara a mako goma sha biyu kuwa ba ya jiran kowa, ana zama mako biyu zuwa uku yake fara zubewa.

Wayar da ke hannunka za ta iya riƙe wani ɓangare na aikin mai fisiyo: ta ƙirga, ta tuna maka, ta kai rahoto. Amma manhajojin nan don masu lafiya aka ƙera su, kuma in ka bar su a yadda suka zo, za su ba ka umarnin da bai dace da zuciyarka ba.

Mataki na farko: kada ka bar asibiti sai da lambobinka

Ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo ake duba ka, ko a Abuja aka yi maka aikin ka dawo gida Jos, ka sa likitan zuciya ko mai fisiyo ya rubuta maka abu huɗu a takarda: yawan bugun zuciyarka a minti in kana zaune, iyakar da ya kamata bugun ya tsaya a cikinta in kana tafiya, awon jinin da in ka gan shi da safe ba za ka fita ba, da nauyin da aka yarda ka ɗaga. In an sa maka na'urar da ke ba zuciya shokin idan bugu ya rikice, ka ƙara da na biyar, wato lambar da na'urar take fara aiki a kanta, domin tafiyarka dole ta tsaya ƙasa da ita da bugu 10 zuwa 20. Ka ɗauki hoton takardar. Takarda tana ɓata, a wanke ta cikin aljihu.

Mataki na biyu: goge lambar da manhaja ta ba ka

Nan ne yawancin mutane suke yin kuskure, kuma kuskure ne mai hatsari, shi ya sa zan daɗe a kai.

Kana buɗe manhajar motsa jiki ko ka haɗa agogon hannu mai auna bugun zuciya, za ta tambaye ka shekarunka. Lissafin da yawancinsu suke yi shi ne su cire shekarun daga 220, su ce abin da ya rage shi ne ƙololuwar bugun zuciyarka. Mai shekara 60 sai a ba shi 160, a ce ya riƙa kai kashi 70 cikin ɗari, wato 112. To amma ka duba ledar magungunanka. In akwai bisoprolol, ko carvedilol, ko metoprolol, ko atenolol, aikinsu ke nan su taka wa zuciya birki don kada ta yi gudu. Mutumin da ke shan ɗaya daga cikinsu yana iya zama da bugu 60 ko 62 a zaune, ya yi tafiya mai kyau har gumi ya tsatso masa, agogo ya nuna 88. Manhaja sai ta rubuta masa cewa bai yi komai ba, ya ƙara himma. Shi kuma ya yarda, ya ƙara sauri, ya nufi hawa, yana neman 112 da ƙarfin tsiya. Abin da zai samu shi ne haki da nauyin ƙirji.

Akwai masu gane cewa maganin ne ke hana lambar hawa, sai su ƙi sha da safe don "agogo ya nuna aiki". Kada ka kuskura. Daina irin wannan magani farat ɗaya yana iya tayar da ciwon ƙirji da rikicewar bugu.

Abin yi shi ne ka shiga saitin manhajar ka sa iyakar da aka rubuta maka da hannu. In ba ta ba da damar canzawa, kashe wannan ɓangaren gaba ɗaya, ka bar ƙirgen taku da minti kawai. Inda ba a yi wa mutum gwajin tafiya a kan na'ura ba, masu fisiyo sukan ɗora bugu 20 zuwa 30 a kan na zaune. Mai 62 ke nan zai riƙa tafiya tsakanin 82 da 92. Misali ne na ba ka, lambarka tana hannun wanda ya duba ka. Kuma duk ranar da aka canza maka magani ko aka ƙara yawansa, lambar ta tashi aiki, sai an ba ka sabuwa.

Ni a ganina bakinka ya fi agogo gaskiya. In kana tafiya kana iya faɗin jimla cikakkiya, kamar ka gaisa da mutum ka tambaye shi iyali da kasuwa, amma ba za ka iya rera waƙa ko jan karatu ba, kana daidai. In sai ka yanke magana kalma biyu-biyu don ka ja numfashi, ka wuce gona da iri, ko agogo ya ce me. A ma'aunin wahala da ake nuna wa mutane a asibiti, mai farawa daga 6 zuwa 20, wurin zamanka 11 zuwa 14 ne.

Shi agogon kansa yana da lauje cikin naɗi. Da haske yake karanta jini ta fata, don haka in ya yi sako-sako, ko hannu ya yi sanyi, ko bugunka irin wanda ba ya tafiya a jere ne, zai ba ka lambar banza. Da safiyar hunturu a Jos, hannu ƙanƙara, sai ka ga ya nuna 140 kana tsaye a ƙofar gida, ko ya maƙale a 70 kana hawa tudu. Ka ɗaure shi ya kama, sama da ƙashin wuyan hannu da faɗin yatsa biyu. In lambar ta ba ka mamaki, tsaya, ɗora yatsa biyu a jijiyar wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, ƙirga na daƙiƙa 30, ninka biyu. Wannan ka yarda da shi.

Maganar kuɗi kuma, in abu ɗaya za ka iya saya, na'urar awon jini ta damtse za ka saya, ka bar agogo. Agoguna masu arha da ake zubawa a tebur a kasuwar Terminus, wasu ko a kan katako ka ɗaura su za su ba ka bugun zuciya. Gwada kafin ka biya. Mai gazawar zuciya kuma, wato wanda zuciyarsa ba ta tura jini yadda ya kamata, sikelin awon nauyi ya fi masa komai.

Mataki na uku: saita wayar, sannan ka yi mako guda ba ka canza komai ba

Kowace manhajar ƙirga taku ta isa, Samsung Health ko wadda ta zo da wayar. Ƙirgen taku ba ya cin data. Abin da ke shan caji shi ne taswirar da ke bin sawunka, kuma ba ka buƙatarta.

Abu biyu ke hana ta aiki. Na ɗaya, ba a ba ta izinin lura da motsin jiki ba. Na biyu, wayoyi da yawa, musamman irin su Tecno da Infinix da itel da suka fi yawa a hannun mutane, suna kashe manhajar da ke aiki a bayan fage don tattalin batir. Sai mutum ya yi tafiyar minti arba'in, ya ciro waya ya ga taku 212, ransa ya ɓaci, ya ce abin ƙarya ne. Shiga sashen batir a saitin waya ka cire manhajar daga cikin waɗanda ake kashewa. Daga nan ka gwada ta: yi taku 100 kana ƙirgawa da baki, ka duba. In bambancin bai wuce goma ba, ta yi.

Inda ka sa wayar ma magana ce. Aljihun wando ko aljihun gefe na kaftani ya fi. A jakar hannu tana rasa taku, shi ya sa mata su fi samun lamba ƙasa da aikin da suka yi. 'Yar jakar da ake ɗaurawa a ƙugu a ƙarƙashin hijabi tana magance wannan. Mai na'urar daidaita bugu a ƙirji kuwa, aljihun gaba na riga ya haramta gare shi. A bar aƙalla santimita 15 tsakanin waya da na'urar, a kuma amsa kira da kunnen da ke ɗaya ɓangaren. Dattawa da yawa hannunsu ya saba da jefa waya a aljihun ƙirji tare da biro, sai an yi ta tuni.

Ka kuma san Keke Napep yana yi maka ƙari. Ka hau daga Farin Gada zuwa cikin gari a hanya mai gargada, wayar ta rubuta maka ɗaruruwan takun da ba ka yi ba. Saboda haka minti nawa ka yi kana tafiya da gangan shi ne babban lissafi, taku na biye.

Yanzu ka yi kwana bakwai kana harkokinka yadda ka saba, ka tara jimillar ka raba bakwai. In ya ba ka 3,200, daga nan za ka fara. Ka goge 10,000 ɗin da manhaja ta sa maka. Asalin wannan lamba tallan wata na'urar ƙirga taku ce a Japan a shekarun 1960. Ka sa burinka ya ɗara na yanzu da 500, in ka riƙe shi mako guda ko biyu ba wata damuwa, ka ƙara 500. Wanda ya fara da burin da bai taɓa kaiwa ba, kwana goma yana ganin jan layi, ranar ta sha ɗaya zai goge manhajar.

Inda aka nufa shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ga manya: aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici. Minti 30 sau biyar ke nan, kuma ana iya yanka shi goma-goma. Taku kusan 100 a minti shi ne saurin da ake kira matsakaici ga yawancin manya, amma in bakinka ya ce 85 ne naka, to 85 ne.

Mataki na huɗu: zaɓi hanya da lokaci

Garin da ke da unguwa mai suna Gangare da wata mai suna Tudun Wada ya riga ya faɗa maka halinsa. A asibiti a kan shimfiɗaɗɗen wuri ka yi horo. A nan kuwa da wuya ka yi tafiyar minti goma ba ka haɗu da hawa ba, kuma hawa kaɗan yana ɗaga bugu fiye da yadda ido ke gani. Wata na farko ka nemi filin ƙwallo ko filin makarantar unguwa ka riƙa zagayawa. Na san da gundura, amma kana kusa da mutane, kuma duk inda ka gaji ba ka yi nisa da gida ba. In dole sai titi, ka fara da hawa ka dawo da gangara. Masu yin akasin haka suna sauka da daɗi, sai a dawowa, ƙarfi ya ƙare, su tarar da tudu yana jiransu. A kan hawa ka rage tsawon taku, ka bar maganar sauri.

Jos tana sama da teku da kimanin mita 1,200. Wanda ya yi jinya da horonsa a Abuja ko Legas ya rage sauri a kwanakin farko da dawowa har jiki ya saba.

Sai sanyi. Sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, ya ɗaga awon jini, ya sa zuciya ƙarin aiki, kuma masu ciwon ƙirji sun san yana tayar musu da shi. Daga Disamba zuwa Fabrairu ban yarda da tattakin bayan sallar asuba ba ga mai ciwon zuciya a garin nan. A jira rana ta fito, wajen ƙarfe tara zuwa goma, ko a bari sai bayan la'asar. A sa kaya biyu marasa nauyi da za a iya cire ɗaya, a rufe hanci da baki da rawani ko mayafi saboda iska ta ɗumama kafin ta shiga, ga kuma ƙura. Da damina, musamman Yuli da Agusta, safiya ta fi tabbas. Ranar da ruwa ya hana fita, a zagaya tsakar gida ko a yi taku a tsaye a falo minti goma sau uku. Waya za ta ƙirga. Wannan dabarar ce kuma ta matan da fita ba ta yi musu sauƙi.

Kada ka fita da cikin tuwo. A ba abinci mai nauyi awa ɗaya zuwa biyu.

Ka sa ƙararrawar waya ta maƙale da abin da ba ya tashi, kamar sallar la'asar, ka rubuta mata abin yi ƙarara: "sa takalmi, fili, minti 20". Ƙararrawa ɗaya tak. Masu sa biyar a rana sukan koyi kashe su ba tare da sun duba ba.

Mataki na biyar: tafiyar kanta

Kafin ka fita ka zauna minti biyar ka auna jini da bugu. In na sama ya kai 180 ko na ƙasa 110, ko bugun zaune ya wuce 100, ko kana zazzaɓi, ko ka kwana da sabon ciwon ƙirji, yau babu fita, sai waya ga asibiti. In likitanka ya ba ka iyaka ƙasa da wannan, tasa za ka bi. Mai gazawar zuciya ya hau sikeli kowace safiya bayan fitsari kafin karin kumallo. Ƙarin fiye da kilo 2 cikin kwana uku ruwa ne ke taruwa, ba ƙiba ba, a sanar da likita ranar. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan glibenclamide ya auna sugansa, in ƙasa da 100 mg/dL ne ya ci wani abu tukuna, ya kuma sa dabino uku a aljihu.

Minti 10 zuwa 15 na farko tafiyar ɗumama jiki ce, a hankali kamar mai rakiyar baƙo. Sannan saurin da aka yarda maka. Sannan minti 10 na saukowa. Wannan na ƙarshen shi kowa ke yankewa, mutum ya zo da saurinsa har ƙofar gida ya zube a kujera. Lokacin tafiya tsokar ƙafa ce ke tura jini ya koma zuciya. In ka tsaya cak, jini ya taru a ƙafafu, awo ya faɗi, jiri ya ɗebe ka, wani lokaci bugu ya rikice. Ka saita agogon waya ya yi ƙara saura minti goma, ka fara rage sauri tun daga nan. Kada kuma ka faɗa wanka da ruwa mai zafi sosai kana shigowa.

In ana cikin tafiya ka ji nauyi ko matsi a ƙirji, ko ciwo yana tafiya hannu, wuya ko muƙamuƙi, ko haki da bai dace da saurinka ba, ko jiri, ko gumi mai sanyi, ka tsaya ka zauna. In an ba ka maganin ƙarƙashin harshe, sa ɗaya kana zaune, ka duba agogo. Minti biyar bai lafa ba, a nemi mota zuwa asibiti, ka ƙara na biyu yadda likita ya koya maka, kuma ba kai za ka tuƙa ba. Lambar gaggawa 112 ce, amma ka ajiye lambar maƙwabci mai mota a kiran sauri. Ƙwayar ƙarƙashin harshe tana rasa ƙarfi kamar mako takwas bayan buɗe kwalba, na fesawa ya fi daɗewa. Kuma wanda ya sha sildenafil ko wani maganin ƙarfin maza cikin awa 24, ko tadalafil cikin awa 48, kada ya sa ta, awon jini zai iya faɗuwa warwas. A gaya wa likita gaskiya a kan wannan tun kafin ranar ta zo.

Ka rubuta a fuskar wayar, inda ake gani ba sai an buɗe ba, ciwonka, magungunan tsinka jini da kake sha, da lambar wani naka.

Mataki na shida: a sami mutum a ɗaya ƙarshen

Lambar da ba mai gani ba ta daɗewa. A Ostireliya an yi wani gwaji da aka fitar da sakamakonsa a 2015, da mutum 710 masu ciwon jijiyar zuciya. Rabinsu ana tura musu saƙon tes huɗu a mako har wata shida, kuma suka fi sauran motsa jiki, awon jininsu ya ɗan fi sauka. Saƙon tes kawai, wanda ko ƙaramar waya mai maɓalli tana karɓa.

Ka zaɓi mutum ɗaya, ɗa ko ƙani ko matarka ko aboki a majalisa, ka riƙa tura masa layi biyar a WhatsApp duk Juma'a da yamma: kwana nawa ka fita, jimillar minti, matsakaicin taku, awon jini da bugu na safe, da duk wani abin da ka ji a jiki. Aikinsa in bai gani ba ya kira ya ce, "Baba, ina na wannan makon?" Mutum ɗaya na ce. Zauren 'yan uwa mai mutum arba'in kowa zai ɗauka wani zai tambaya, ga masu turo maganin gargajiya. In asibitinku suna da lambar da ake tura irin wannan rahoto, ka tambayi yadda suke so, kada ka riƙa cika wa ma'aikaciyar jinya waya da hoto kullum. Kuma ciwon ƙirji ba a tura shi a saƙo a zauna jiran amsa. Ranar ganin likita ka tafi da rahotannin, sun fi "Alhamdulillahi, da sauƙi" amfani gare shi.

Sauran

Ƙarfafa tsoka sau biyu a mako, ba a jere ba: tashi-zauna daga kujera sau 10 zuwa 15, tura bango, ɗaga gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, wadda kilo ɗaya da rabi ke nan. Ka fitar da numfashi lokacin ɗagawa, kada ka riƙe shi. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, buhun siminti 50, tura motar da ta mutu kuwa ka bar wa yara. Wanda aka tsaga wa ƙirji sai likita ya tabbatar ƙashi ya haɗe.

Wajen ƙari, a fara da tsawon lokaci, minti biyar a mako, sannan yawan kwanaki, sauri shi ne ƙarshe.

Azumi a tattauna shi da likita tun cikin Sha'aban, musamman mai shan furosemide ko wani maganin fitar da ruwa. In an yarda ka yi, tafiyar ta koma bayan buɗa baki da awa ɗaya zuwa biyu, a rage ta, kada a yi ta gab da magariba.

In zazzaɓin cizon sauro ko tafiya ko rasuwa ta tsayar da kai fiye da mako guda, ka koma da rabin mintin da ka bari, ka kuma sauke burin taku a manhajar da hannunka, ka hau a hankali cikin mako biyu. In kwanciya aka yi a asibiti ko aka canza magani, sai an sake rubuta maka lambobin mataki na farko kafin ka ɗaura takalmi.